In Siririn Sauti Ya Ɓace Maka a Cikin Kiɗa

Ka kunna rediyo a gida, ko ka sa waƙa a cikin mota. Ganga tana nan, kana jin ta har cikin ƙirjinka. Muryar mai waƙa ma tana fita. Amma caki, da sarewa, da kukan goge in ya hau sama, da muryoyin mata 'yan amshi, duk kamar an lulluɓe su da bargo. Waƙar da ka sani shekara da shekaru ta zama lami. Ka ƙara murya, gangar ta ƙara ƙarfi, siririn sautin kuwa bai dawo ba.

Yawancin mutane sukan ɗora wa lasifika laifi. Wani lokaci suna da gaskiya, saboda haka mu fara daga nan.

Gwada rediyon tukuna

Babbar lasifika takan zo da ƙarama a jikinta, ita ce mai fitar da siririn sauti. Ƙaramar ta fi saurin ƙonewa in ana cika murya, ƙurar hunturu kuma tana toshe ta. Tashar gajeren zango ba ta ɗauko siririn sauti kamar tashar FM. A cikin mota kuwa, ƙugin inji da ƙarar taya da iskar taga suna danne kiɗa.

Ka tsayar da motar, ka kashe inji, ka sake saurara. Ka ji waƙar nan a rediyon maƙwabcinka. Ka kira ɗanka ko jikanka ka tambaye shi ko yana jin cakin. In yaro ya ce ga shi nan yana fita sarai, kai kuwa ba ka ji a rediyo biyu ko uku, to a bar mai gyara ya huta. Ka tambayi kanka kuma: yaushe rabonka da jin kukan gyare da dare? Wayarka takan yi ta ƙara a aljihu sai wani ya ce maka ana kira?

Abin da ke faruwa a cikin kunne

Sauti girgizar iska ne. Sauti mai kauri, irin na ganga, yana girgiza a hankali. Siriri, irin na sarewa ko guɗa, yana girgiza da sauri ƙwarai. Kunnen yaro mai lafiya yana kama girgiza daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a cikin sakan ɗaya.

Girgizar tana shiga ramin kunne ta bugi dodon kunne, wata 'yar fata mai kama da fatar kalangu. Bayan fatar akwai ƙananan ƙasusuwa uku, su ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum duka. Su suke miƙa girgizar can ciki, zuwa wani wuri mai kama da gidan katantanwa, wanda girmansa bai fi ƙwayar wake ba. Cike yake da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu siraran gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, a jere kamar shuka a kan kunya. Ruwan ya motsa, gashin ya kwanta ya tashi, jijiya ta kai labari ga ƙwaƙwalwa.

Kowace ƙwaya da irin sautin da take ji. Waɗanda suke bakin ƙofar gidan katantanwan su ne masu jin siririn sauti. Masu jin ganga suna can ƙurya. Na bakin ƙofa sun fi saurin lalacewa, kamar gonar bakin burtali wadda shanu suke fara takawa. Shi ya sa caki yake ɓacewa a bar ka da ganga.

Ga abin da ba na jin daɗin faɗa wa marasa lafiya, amma dole ne: ƙwayar da ta mutu ba ta sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu saiwa ko ganyen da zai tashe ta. Wanda ya ce maka yana da maganin, kuɗinka yake so.

Me yake kashe su?

Na farko shekaru. Kowa yana rasa kaɗan-kaɗan tun yana matashi, bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutanen da suka wuce shekara 60, fiye da ɗaya cikin huɗu suna da raunin ji wanda yake hana su harkokinsu. Ciwon suga da hawan jini da shan taba suna ƙara wa abin sauri, don suna ɓata ƙananan hanyoyin jinin da suke ciyar da kunne.

Na biyu ƙara, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani, don wannan yana hannunka. Ana auna ƙarfin sauti da ma'auni mai suna desibel. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60 ce. In ƙara ta kai 85, kunne zai iya jure ta awa 8 a rana. In ta kai 88, awa 4 kawai. A 100 kuwa, minti 15 ne iyaka. Ba ka bukatar na'ura don ka gane. In mutum yana tsaye kusa da kai, inda hannunka zai taɓa shi, amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, ƙarar wurin tana cin kunnenku ku biyu.

Ka dubi mai injin niƙa da yake tsaye kansa daga safe har la'asar, da ke da kike zaune kusa kina jiran garinki da goyo a baya. Ka dubi maƙeri, da mai yankan katako da inji, da mai kwana kusa da janareto, da maharbi wanda bindiga take tashi dab da kunnensa. Direbobin manyan motoci masu ɗaukar kaya daga tashar jirgin Ngaundere zuwa Garwa, Marwa, har Njamena, suna kwana da wuni cikin ƙugin inji, taga a buɗe ta gefen hagu, sa'an nan su cika muryar kiɗa don ya rinjayi injin. Ƙara a kan ƙara ke nan. Haka matasa masu cusa abin sauraro a kunne suna kan babur.

Ban bar wuraren taro a baya ba. A gidan biki, a majami'a, a wurin wa'azi, akan jera lasifikoki a ƙure musu murya, yara kuma su ne suke ruguwa su zauna a gabansu. Ku masu kula da na'urar, in na baya suna ji sarai, ya isa haka. In kun tashi daga taro kunnenku yana shuu, ko kuna ji kamar an toshe shi da auduga, kunnen ya ji rauni a ranar. Washegari yakan sake, amma in ana maimaitawa wata rana ba zai sake ba.

Na uku magani. Allurar jentamisin, da siteftomisin, da kanamisin, da amikasin suna ceton rai in likita ya auna su daidai, amma suna iya kashe ƙwayoyin ji, kuma da siririn sauti suke farawa. Kada ka yarda mai tallar magani a kasuwa ya yi maka allurar da ba ka san sunanta ba. Kwinin ma yakan sa kunne ya yi ƙara, sai dai yawanci yakan wuce in an gama maganin. In kana kan magani ka ji kunnenka ya canza, ka gaya mana a ranar. Kada ka daina sha da kanka. Sanƙarau da ƙyanda da hangum su ma suna taɓa ji, shi ya sa muke matsa muku a kan rigakafin yara.

Ba kiɗa kaɗai za ka rasa ba

Wani zai ce, to mene ne in ban ji caki ba? Magana ma tana da nata cakin. Harufan s, sh, ts, f da t sirara ne. Su suke raba sata da fata, su raba shara da fara. In sun ɓace, za ka ji ana magana amma ba ka gane abin da aka ce ba, musamman a kasuwa ko wurin suna, inda kowa yake magana. Muryar mata da ta yara su ne suke fara yi maka wuya. Daga nan sai faɗa a gida: kai kana cewa suna magana ciki-ciki, su suna cewa ka raina su. Na ga dattawa da suka daina zuwa majalisa don kunyar yawan cewa "Na'am?" A kan hanya kuma akwai haɗari, in babur ya taho ta baya ba ka ji ba.

Ku mutanen gida, ihu ba ya taimakonsa, yana ƙara dagula maganar ne. Ku kashe rediyo, ku tsaya inda zai ga bakinku, ku yi magana a hankali. In bai gane ba, ku sake faɗa da waɗansu kalmomi.

Ka zo a duba

Kada ka yanke wa kanka hukunci a gida, don akwai toshewar da take warkewa. Da 'yar fitila za mu leƙa kunnenka, ba zafi, ba ya ɗaukar lokaci. Sau da yawa dauɗar kunne ce ta taru ta yi tauri. Mukan ɗiga magani ta yi laushi, mu wanke, mutum ya fita yana mamakin ƙarar takalminsa. Wani kuma ruwa ne ya taru bayan dodon kunne sakamakon mura, wani mugunya ce take fita ta hujin da ya samu. Duk waɗannan suna da magani. Amma ka bar sa tsinken ashana da gashin kaza, ka bar ɗiga man ja ko ruwan ganye. Suna tura dauɗar ciki, suna iya huda fatar.

In mun ga ramin kunnen a buɗe, fatar kuma lafiya, za mu auna jininka da suganka, mu rubuta maka takarda zuwa inda ake gwajin ji da na'ura. A can za a sa maka sautuka iri-iri, daga mai kauri zuwa siriri, a ga inda jinka ya tsaya. Wanda ya rasa da yawa, na'urar taimakon ji tana amfani. Ta kirki akan daidaita ta da kunnen mai ita, ta ɗaga siririn sauti ta bar mai kaurin yadda yake. Ta kasuwa mai araha tana ɗaga kome gaba ɗaya, har ta ƙara ɓarna.

Abin da ya rage maka na ji, ka tsare shi. A rediyo, rage maɓallin kauri ka ɗan ƙara na siriri, maimakon ka ƙure murya. A mota, rufe taga kafin ka sa kiɗa. A wurin aiki, nemi abin toshe kunne na soso ko na roba a kantin magani ko wurin masu sayar da kayan aiki. Auduga ba ta tare ƙara sosai. Ka riƙa fita daga ɗakin inji kana ba kunnen hutu, janareto kuma a kai shi nesa da ɗakin kwana.

Raunin da muka yi ta magana a kansa a hankali yake zuwa, a kunne biyu tare. In ka wayi gari kunne ɗaya ya mutu farat ɗaya, ko cikin kwana biyu ko uku, wannan dabam ne. Haka in ya zo da jiri, ko karkacewar baki, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko kumburi a bayan kunne. Kada ka jira ranar kasuwa ko a gama girbi. Maganin kunnen da ya mutu farat ɗaya ya fi aiki a cikin mako biyu na farko. Ka taho da katinka, da kwalaye ko takardun duk magungunan da ka sha ko aka yi maka allurarsu a watannin nan.