Gadar Sama ta Tamale: Abin da Ta Gyara da Abin da Ya Rage a Ƙasa

A watan Maris na 2022 Shugaba Akufo-Addo ya buɗe gadar sama ta Tamale, irinta ta farko a arewacin Ghana. Kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin ne ya gina ta, tsawonta ya ɗan haura kilomita 1.

Hikimar gada ita ce raba masu wucewa da masu tsayawa. Motar da ta taso daga Kumasi za ta Bolgatanga ko Burkina Faso, ba ruwanta da kasuwa, sai ta bi sama. A da kuwa, dole ta kutsa cikin babura da yalo-yalo, ana ƙona mai a banza, ana goge juna.

Amma mu mutanen Gumbihini, idan mun shigo gari, yawancinmu ƙasa muke bi. A nan ne tsoho ke tsallaka titi zuwa masallaci, ɗalibi kuma zuwa makaranta. Gyaran da ake bukata a nan ba mai tsada ba ne: fentin layin tsallakawa, fitilun dare masu aiki, da hana ajiye kaya a hanyar masu tafiya da ƙafa. Mun fi jin tsoron bakin gadar, inda direba ke saukowa da gudun sama ya tarar da jama'a.