Kiwon Kaji da Lambun Bayan Gida a Wurogauri: Yadda Za a Haɗa Su Ba Tare da Ɓarna Ba

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dangantakar da ke tsakanin kiwon kajin gida da noman kayan miya a cikin gida ɗaya, tare da ɗaukar Wurogauri, a yankin Gwandu da Kalgo na Jihar Kabi, a matsayin misali. Sunan garin kansa na Fulatanci ne, domin "wuro" gari ke nan, "gawri" kuwa hatsi. Sunan ya dace da zancenmu, tun da yake inda ake sussuka da surfe kullum ba a rasa tsaba da dusa, watau abincin kaza.

Batun ba sabo ba ne. Shirin ciyar da ƙasa wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976 ya kwaɗaitar da magidanta da makarantu su yi lambu su kuma kiwata kaji. Amma an ɗauki abubuwan biyu tamkar ayyuka ne daban-daban. Ra'ayin wannan takarda shi ne aiki ɗaya ne, sai dai ba ya yiwuwa sai an raba kaza da shuka a wuri, sa'an nan a haɗa su ta hanyar taki da ganye da sanin lokaci.

2.0 Inda matsalar take

A ƙauyukan wannan yanki kaji galibi dukiyar mata ce da yara. Ana sakinsu da safe su yi kiwo, da magariba su shiga akurki, ko su hau reshe, ko su kwana a gindin rumbu. Kazar gida takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, ta kwanta a kansu kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Da ita ake sayen sabulu da magani, da ita ake yi wa baƙo miya.

Uwargidan da ke da kajin nan ita ce kuma ke son ta shuka alayyafo da kuɓewa da yakuwa da lalo a bayan ɗaki. To, ɗabi'ar kaza tono ce. Takan tone iri tun bai tsiro ba, ta tsinke tsiro, ta saƙe tumatir da zarar ya soma ja. Abin ya fi muni da rani, lokacin da fangalin da ake yi wa ban ruwa shi kaɗai ne kore da danshi a gidan. Daga nan sai a haƙura da ɗaya, kuma yawanci lambun ake bari. Ga kuma wata hasara da ba a lura da ita: kashin kajin da ke yawo yana warwatsuwa a tsakar gida da kan hanya, a share shi a zubar, alhali takin zamani ya yi tsadar da mai ƙaramin lambu ba ya iya saye.

Maganin farko tsohon abu ne, watau darni. Lambun ya kamata a killace, ba kajin ba, domin kazar da aka tsare dukan abincinta ya koma wuyan mai ita. Darnin karan dawa ko zana ya isa, muddin ya matse daga ƙasa inda 'yan tsaki ke kurɗawa, kuma tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Idan aka dasa zogale a jere a jikinsa, an sami shinge mai rai da ganyen miya.

3.0 Takin kaji

A nan ne ribar haɗin take, a nan ne kuma aka fi yin kuskure. Kaza ba ta fitsari daban. Fitsarinta da kashinta tare suke fita, kuma farin da ake gani a kan kashin shi ne fitsarin. Wannan ne dalilin da ya sa takin kaji ya fi na shanu yawan sinadarin naitirojin, wanda shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. Ƙarfin nan nasa shi ne kuma haɗarinsa. Idan aka zuba shi ɗanye a gindin shuka, iskar amoniya da gishirin da ke cikinsa sukan ƙone saiwa. Har ila yau ɗanyen kashi na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, masu kawo zazzaɓi da gudawa, musamman ta kayan da ake ci ba dafuwa kamar latas da tumatir. A Amurka ƙa'idar noma ba da takin zamani ba ta tanadi a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Alayyafo kuwa cikin wata guda ake soma yankarsa. Ke nan babu makawa sai an ruɓar da takin tukuna.

Ba za a tara taki ba sai kaji na kwana wuri ɗaya. Saboda haka akurki shi ne abokin darni. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasansa, abin da ba ya wuya a Jihar Kabi, inda noman shinkafa ya bunƙasa a fadamu, musamman bayan shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kabi a 2015. Ɓuntu yana tsotse danshi, yana rage wari. Kowane mako a kwashe, a zuba a rami a inuwa, a haɗa da busasshen ganye da sharar lambu, a yayyafa ruwa ya yi danshi amma kada ya jiƙe sharkaf, a riƙa juyawa. Tarin zai yi zafi daga ciki, kuma zafin nan ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Bayan wata biyu zuwa uku, in ya yi baƙi, ya huce, warinsa ya koma na ƙasa, ya nuna.

Akwai wata al'ada da ta cancanci gyara. Mata da yawa sukan zuba toka a kan kashin kaji don kashe wari. Toka tana da kaifi irin na kanwa, kuma in ta haɗu da ɗanyen kashi takan kori naitirojin ya bi iska, sai a rasa abin da ake nema. Gara a tara tokar a wani lungu kaji su yi birgima a ciki, abin da ke rage musu ƙuma da ƙwarkwata, ko a barbaɗa ta a fangali ita kaɗai.

4.0 Abin da lambu ke ba kaza

Ciyawar da aka cire, da ganyen da ya tsufa, da ɓawon kabewa, duk abincin kaza ne. Ɗanyen ganye ne ke sa gwaiduwar ƙwai ta yi ja. Busasshen ganyen zogale, wanda kusan rubu'insa sinadarin gina jiki ne, ana iya daka shi a gauraya kaɗan cikin dusa. Amma kada a ruɗu, ganye ba ya maye gurbin tsaba. 'Yan tsaki sun fi bukatar gara, kuma manoma a Burkina Faso da Togo sun daɗe suna kife tukunya mai ɗauke da kara da kashin shanu mai danshi a inda gara take, su kwashe da safe. A makonni huɗu zuwa shida na farko ya kamata a tsare 'yan tsaki a ƙarƙashin kwando ko a inuwar rumfa, domin a lokacin ne shirwa ta fi ɗiba.

Lokaci ɗaya ne kaza ke da izinin shiga lambu, shi ne bayan an cire amfani, kafin sabuwar shuka. A nan tononta ya zama aiki: ta cinye tsutsa da ƙwan ƙwari da irin ciyawa. A wannan yanki damar takan zo sau biyu, da kaka bayan kayan damina, da kuma bazara bayan kayan rani.

5.0 Annobar hunturu

Duk tsarin nan yana rushewa idan akurki ya zama wayam. Babbar mai kashe kajin ƙauye ita ce cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Jaba da kuma garin Niyukasil na Ingila. A Arewa ta fi tsananta da hunturu. Alamunta su ne kasala, da koren zawo, da wahalar numfashi, da murɗewar wuya, kuma tana iya share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, don haka kafson da ake ɓarewa a ruwan sha, da barkono, ba sa warkar da ita.

Rigakafi ne kaɗai kariya. Akwai nau'in I-2, wanda aka samo a Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana yin sa. Fifikonsa shi ne ya fi sauran jure zafi, kuma ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Tun da yake kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma ba ta ajiyuwa bayan an haɗa ta, ya fi kyau matan unguwa su haɗa kuɗi su yi rana ɗaya, a cikin Oktoba, kafin iska ta juya. Kazar da aka sayo a kasuwar Kalgo ko ta Jega a keɓe ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta mutu kuwa a binne ta da zurfi, kada a jefa ta a ramin taki. Idan mutuwar ta zo da yawa farat ɗaya, a sanar da ma'aikatan dabbobi, domin murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a Jihar Kaduna a 2006, tana kama da ita a ido, kuma tana iya kama mutum.