Hutun maigida da uwargida: daga Cadawa zuwa Gidan Rumji

A ƙasar Italiya akwai wata al'ada da ta cancanci a dube ta. Idan lokacin hutu ya zo, miji da mata su kan kama hanya tare zuwa Roma domin buɗe ido. Da hantsi su ziyarci Koloseyo, ƙaton hilin wasan nan da anka buɗe cikin shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa. Da la'asar su jehwa kuɗi cikin ruwan Tirebi, wanda anka gama gininsa cikin 1762. Da dare kuma su zamna gidan abinci su ci taliya. Kuɗin da baƙi ke jehwawa cikin wannan ruwa kaɗai ya kan wuce miliyan ɗaya na yuro a shekara, ana kuma taimakon mabukata da shi.

A jihar Maraɗi kuwa, ma'aikaci ya kan samu konje ya ƙare shi ƙarƙashin inuwa wurin hira, uwargida tana madahi. Alhali kuwa ba sai an ƙetare teku ba. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Gazawa, Agiye, Cadawa, ta bi ta Tsibiri har Gidan Rumji, ta ishi ma'aurata yawon kwana ukku.

Ranar hwarko ta dace da Juma'a, ranar kasuwar Cadawa. Nan ne mararrabar Mayahi, nan kuma ake tara ayar da manoman yankin sunka yi suna da ita. Ayar Nijar ta kan kai har ƙasar Sipaniya, inda ake yin wani abin sha da ita mai kama da kunun aya. Kahin su shiga mota, sai maigida da uwargida su ɗanɗana daƙuwa, su sha hura da nono. Bisa hanya su lura da gawo da sauran itatuwa cikin gonaki: aikin manoma ne da sunka rungumi sassaben zamani tun wajen 1984, suna barin tohon itace ya girma maimakon su sare shi.

Rana ta biyu ta Maraɗi ce. Jinin sarautar Katsina ne sunka mai da garin mazamninsu bayan jihadi, ƙarƙashin Ɗan Kasawa, wajen 1819. Shi ya sa har gobe ana kiran sarkin garin Sarkin Katsina. Cikin 1945 ambaliyar Gulbin Maraɗi ta ci tsohon gari, anka tashe shi zuwa bisa tudu. Wanda ya ga hwadar sarki, ya gangara ya ga kwarin gulbi, zai gane wannan tarihi hiye da yadda littahi zai gaya masa. Kudu da birnin akwai tabkin Madarunhwa, wanda jama'a ke ziyarta saboda kushewun waliyyai 99 da aka ce suna kewaye da shi. Abincin ranar soyayyen kihi ne da yaji.

Rana ta ukku sai Tsibiri, wadda Sarkin Gobir Mayaƙi ya kahwa cikin 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Uwargida za ta so jin cewa mata na da babbar sarauta a waɗannan hwadodi: Inna a Gobir, Iya a Maraɗi. Daga nan sai Gidan Rumji, garin kilishi. Mahauta na yanyana nama ya koma kamar takarda, su shanya, su tsoma shi cikin labu na tunkuza da kayan yaji, su sake shanyawa, kana su gasa. Ba tsarabar da ta hi shi daɗewa ba ta lalace ba.

Tahiya dai tana son shiri. Saboda ɓarayin daji da sunka addabi wasu garuruwan kan iyaka a gundumomin Madarunhwa da Gidan Rumji, wajibi ne a tambayi hukuma da direbobin tasha labarin hanya, a tashi da sahe, a sabka kahin magariba. A nemi izini kahin a shiga hwada ko a ɗauki hoto. A ci abinci mai zahi, a riƙe ruwan sha mai tsabta.

Abin da anka kashe a irin wannan yawo bai ɓata ba: ya shiga hannun mai hura, masunci, mahauci da direba. Ma'auratan kuma za su koma gida da labarin da za su ba ɗiyansu, domin yaron da iyayensa ba su san Tsibiri ba, da wuya ya san Mayaƙi. Uwargidan da ta shekara tana girka wa gida, ita ma ta cancanci kwana ukku a girka mata.