Abin da ya kamata ku sani game da sashe mafi wuya na hanyar Apalaciya

A gabashin Amurka akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon kusan kilomita 3,500 da ake kira hanyar Apalaciya. Ta tashi daga dutsen Springer a jihar Jojiya, ta ratsa jihohi 14, ta tuƙe a ƙololuwar dutsen Katahdin a jihar Maine. Tun 1937 aka kammala ta. Masu son gama ta a tafiya ɗaya kan shafe wata biyar zuwa bakwai da jaka a baya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe.

Wanda ya taso daga kudu a watan Maris ko Afrilu yakan iso jihar New Hampshire ƙafarsa ta riga ta saba, yana iya yin kilomita 30 a yini. Nan duwatsun White Mountains suke rusa masa lissafi. Hanya ta daina kewaye tudu, ta miƙe sama sak a kan fa da manyan duwatsu, wani wurin sai an haɗa da hannu. Gangara ta fi hawa cin gwiwa. Sau da yawa abin da mutum ya saba yi a yini ɗaya sai ya ci masa kwana biyu, don haka dole guzuri ya ƙaru.

Tsayin ba shi ne abin tsoro ba. Dutsen Washington, wanda ya fi kowane tsayi a yankin, mita 1,917 ne, bai ma kai Chappal Waddi na jihar Taraba ba. Yanayi ne matsalar. A can sama bishiya ba ta iya tsayuwa, sai mutum ya yi tafiyar kilomita da dama babu inuwa, babu mafaka. A ranar 12 ga Afrilu, 1934, an auna iska mai gudun kilomita 372 a sa'a a kan wannan dutse. Hazo kan sauko farat ɗaya ya rufe komai, sai dai matafiyi ya riƙa lalubar tarin duwatsun da aka jera don nuna hanya, daga wannan zuwa wancan.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, sanyi yana kisa a nan ko a watannin zafi. Mutum ya hau yana gumi, rigarsa ta jiƙe, ruwan sama ya same shi, iska ta kaɗa, sai zafin jikinsa ya fara zubewa. Da fari rawar ɗari ce. Daga nan harshe ya yi nauyi, ƙafa ta riƙa tuntuɓe, tunani ya rikice, har shi kansa ba ya gane halin da yake ciki. Abokin tafiya ne ke lura. Shi ya sa gogaggu ke guje wa tufafin auduga, domin tana riƙe ruwa, su sa na ulu ko na zaren roba mai saurin bushewa, rigar ruwa kuma tana saman jaka. Da safe su duba hasashen yanayi. In ya nuna hadari, su zauna a ƙasa cikin itatuwa ko su juya, kuma a ganina babu abin kunya a ciki. Ƙungiyar Appalachian Mountain Club tana da masaukai takwas a kan duwatsun, amma tsakanin ɗaya da ɗaya tafiyar sa'o'i ce.

Da an shiga Maine kuma sai Mahoosuc Notch, wani kwazazzabo mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi da duwatsu masu girman ɗaki suka cike. Babu maganar takawa. Ana rarrafe, ana cire jaka a tura ta gaba a kutsa ta ƙarƙashin dutse, a cikin ramukan har ƙanƙara ake tararwa a tsakiyar lokacin zafi. Wannan ɗan taƙin kan ci sa'a biyu ko uku. Mutum na fitowa, hawan dutsen Mahoosuc Arm na jiransa, ga sauran fiye da kilomita 400 kafin Katahdin, wanda ake son a isa kafin tsakiyar Oktoba, lokacin da sanyi ke fara rufe hanyar hawansa.