Kashi 50 ko kashi 53: lissafin zubin ƙarshe a poker na intanet

Poker caca ce, hukuncinta a addini kuwa sananne ne. Abin da ke gabanmu shi ne lissafin da ke ƙarƙashinta, musamman a ƙananan teburan intanet irin na PokerStars, inda ake buɗe wasa da senti 1 da senti 2, mutum ya zauna da dala 2. Teburan nan sun yi farin jini ne bayan 2003, shekarar da Chris Moneymaker, wani akanta ɗan Amurka, ya samu gurbi ta intanet ya je Las Vegas ya lashe dala miliyan 2.5 a gasar duniya.

A salon Texas Hold'em karta 52 ce. Kowa yana riƙe biyu a ɓoye, a shimfiɗa biyar a tebur. Biyun nan na iya zuwa ta hanyoyi 1,326. Tambayar da ta fi raba gwani da ɗan koyo tana zuwa ne bayan an buɗe karta ta biyar: hannuna mai kyau ne, amma ba gagarau ba, in ƙara zubi ko a buɗe a gani?

Kashi 50. Idan kai ne na ƙarshe, kuɗin da ke tsakiya ba sa cikin lissafi, domin in ka fi abokin wasa za ka kwashe su ko ka zuba ko ba ka zuba ba. Sabon zubin kaɗai ake aunawa. Yana da riba ne idan, cikin lokutan da aka amsa maka, kai ke ci fiye da rabi. Hannayen da za su gudu ba a ƙirga su.

21. A ce kana riƙe da A-Q, tebur kuma Q-8-3-2-7, ba uku masu alama ɗaya. A ƙaddara da yana da A-A, K-K ko Q-Q da tuni ya ƙara kuɗi. Cikin hannayen da aka saba shiga wasa da su, me ya rage da zai kayar da kai? 8-8, 7-7, 3-3 da 2-2, kowanne hanya 3, jimilla 12. Sai 8-7 mai hanya 9. Duka 21 ke nan, kuma babu wanda zai ajiye su.

8, 24 ko 42. Nan halin mutum ke shigowa. Q biyu suka rage, don haka K-Q hanya 8 ce, haka Q-J, haka Q-10. J-J, 10-10 da 9-9 kuwa hanya 6 kowanne.

Mai taka-tsantsan da K-Q kawai zai amsa: 8 cikin 29, wato kashi 28. Duk dalar da ka zuba masa, asarar senti 45 ce.
Matsakaici zai amsa da Q ɗin nan uku: 24 cikin 45, kashi 53. Riba senti 7.
Mai taurin kai, wanda kullum gani yake burga ake masa, zai haɗa har da su J-J: 42 cikin 63, kashi 67. Riba senti 33.

Hannu ɗaya, tebur ɗaya, amsa uku. Ƙananan tebura kuwa sun yi suna da mutum na uku, shi ya sa masu koyar da wasan ke nanata cewa a can a rage burga, a yawaita zubi da hannu mai kyau. Wanda ba ya ajiye karta ba a tsorata shi, sai dai a sa shi ya biya.

Nawa za a zuba? A ce dala 2 ce a tsakiya. Ka zuba dala 1, mai amsawa na bukatar ya ci sau ɗaya cikin huɗu don ya mayar da kuɗinsa. Ka zuba dala 2, sai sau ɗaya cikin uku. Mai lissafi zai amsa ƙaramin zubin da hannaye 42, babban kuma da 24 kacal. Na farko ya ba ka 42 a debe 21, saura 21. Na biyu 24 a debe 21, saura 3, sau dala 2, ya zama 6. Ƙaramin ya fi. Amma in mai taurin kai ne da bai damu da girman zubi ba, dala 2 ta ninka ribar zuwa 42.

Kashi 53. Saura mai shafin intanet ɗin da ake wasan. A ƙananan tebura yakan yanki wajen kashi 5 cikin 100 na kuɗin tsakiya, tamkar dillali da la'adarsa, ko wa ya ci ko wa ya faɗi. Akwai iyakar abin da ake yanka, sai dai ƙananan kuɗi ba kasafai suke kai ta ba. Dalarka da tasa sun zama 2, a cire senti 10. In ka ci ka samu senti 90, in ka faɗi dala guda ta tafi cif. Ma'aunin ya tashi daga kashi 50 zuwa 52.6. Ribar senti 7 da aka samu kan matsakaici ta koma senti ɗaya da ɗoriya.

Ke nan ribar gwani tana fitowa ne daga kuskuren mai taurin kai, kuma dole kuskuren ya yi girman da zai biya la'ada har ya bar saura. Idan 'yan wasa shida suka yi kunnen doki a gwaninta, dukansu ƙasa za su yi a hankali, da daidai abin da shafin ya yanka.