Ƙofar zuciya mai ƙyamare huɗu: yadda ake gane ta da yadda ake gyara ta

Zuciyar ɗan Adam ba ta da ranar hutu. A kwana guda takan buga wajen sau dubu 100, kuma kowane minti tana tura jini kimanin litar 5 zuwa sassan jiki. Jinin yana fitowa daga ɗakin hagu na zuciya, ya shiga babbar jijiyar da likitoci suke kira aworta. A bakin wannan jijiya akwai ƙofa mai ƙyamare 3 na tattausar fata. In zuciya ta matsa, sai su buɗe jini ya wuce. In ta saki, sai su haɗu su rufe ruf, don kada jinin ya komo baya.

Haka galibin mutane suke. Amma a watannin farko na ciki, lokacin da ƙofofin zuciyar jariri suke tsirowa, akan sami tangarɗa. Mutum 1 ko 2 cikin 100 ana haihuwarsu da ƙyamare 2 kawai. Abin da ya fi wannan wuyar samu shi ne ƙofa mai ƙyamare 4, wadda ba ta kai mutum 1 cikin 2.000 ba. An ma taɓa ganin mai 5.

A shekarar 1862 ne wani likita mai suna Balington ya fara ba da labarin wannan halitta, bayan ya binciki gawa. A 1973 likitoci biyu na Amurka, Hurwitz da Roberts, suka kasa ta kashi 7 bisa girman ƙyamaren. Waɗanda aka fi gani su ne mai huɗu daidai wa daida, da mai uku manya da ƙarami ɗaya.

Inda matsalar take

Yawan ƙyamare ba ya ƙara wa ƙofa ƙarfi. Sau da yawa huɗun ba su haɗuwa sosai a tsakiya, nauyin jini kuma ba ya rabuwa daidai a kansu. Shekara da shekaru sai su yi kauri, su ƙage, ƙofa ta fara yoyo. Watau wani kashi na jinin da zuciya ta tura yana komawa cikinta. Duk wanda ya taɓa jan ruwa da guga mai huda ya san wannan wahala: sai ya ja sau biyu kafin ya sami abin da ja ɗaya ya kamata ya ba shi. Haka zuciya take ninka aiki, har ɗakinta na hagu ya buɗe, ƙarfinsa ya ragu.

Yaro mai irin wannan ƙofa yakan girma lafiya lau. Galibi sai mutum ya kai shekara 40 zuwa 60 alamu suke fitowa: haki bayan ɗan aiki kaɗan, gajiya, bugun zuciya da ƙarfi, kumburin ƙafafu, da kasa kwanciya rigingine da dare. Wasu kuwa har su tsufa ba su ji kome ba.

Yadda ake gane ta

Matakin farko shi ne likita ya saurari ƙirji da abin sauraro, wanda Bafaranshe Laennec ya ƙago a 1816. Ƙofa mai yoyo tana da wata ƙara kamar hucin iska. Sai dai kunne ba ya ƙirga ƙyamare. Mai nuna su shi ne awon eko, irin na'urar da ake duba mata masu ciki da ita. Ƙofa mai ƙyamare 3 in ta rufe takan yi siffar harafin Y. Mai 4 kuwa takan yi kamar alamar sau ta lissafi. In hoton bai fito sarai ba, akan zura siririn bututu ta maƙoshin abinci a duba zuciya daga baya. Kafin fiɗa kuma akan duba bakunan ƙananan jijiyoyin da suke ciyar da zuciya kanta, domin a wasu masu wannan halitta ba a wurinsu na al'ada suke ba.

Wajibi ne a rarrabe. A ƙasashen Sahel, abin da ya fi ɓata ƙofofin zuciyar matasa shi ne zazzaɓin gaɓoɓi, wanda yake biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a magance da penisilin ba. Wannan ana iya hana shi. Ƙyamare huɗu kuwa da su ake haihuwar mutum: ba a ɗaukar su wurin wani, kuma ba laifin uwa ba ne.

Magani

Babu ƙwaya ko sassaƙe da zai mai da huɗu uku. In yoyon kaɗan ne, ba a taɓa ƙofar. Mutum zai riƙa komawa awon eko a lokacin da likita ya yanka masa, ya kula da hawan jini, ya tsabtace haƙoransa, saboda ƙwayoyin cuta na baki suna iya bin jini su zauna a kan ƙofar.

In yoyon ya yi yawa, alamu suka fito ko zuciya ta fara buɗewa, sai fiɗa. Ana tsai da zuciya, inji ya riƙe aikinta da na huhu, dabarar da aka fara cin nasararta a Amurka a 1953. Wani lokaci likita yakan ɗinke ƙyamare biyu su zama ɗaya, ƙofa ta koma mai uku. Amma an fi sauya ta ɗungum. Ƙofar ƙarfe tana daɗewa ƙwarai, sai dai mai ita zai sha maganin hana daskarewar jini muddin ransa, tare da awon jini a kai a kai. Ƙofar da aka yi da fatar zuciyar saniya ko ƙofar zuciyar alade ba ta tilasta wannan, amma takan tsufa cikin shekara 10 zuwa 20. Tun 2007 kuma likita Ozaki na Japan yake yanka sababbin ƙyamare daga jakar da ta lulluɓe zuciyar majinyacin kansa.

Babban haɗari shi ne jinkiri. Zuciyar da ta daɗe tana ninka aiki ba koyaushe take komawa yadda take ba, ko an sa mata sabuwar ƙofa. Saboda haka magidancin da ya ga tafiyar gona da ya saba ta fara sa shi haki, kada ya ce tsufa ne kawai. Ya tafi gidan likita a saurari ƙirjinsa, in an tura shi awon eko kuma kada ya yi nawa.