'Yan Matan Zuga a Filin Zari-Ruga: Laifin Wa?

Na gaji da guntayen bidiyon nan da ake yaɗawa a WhatsApp, na 'yan matan da ke rawa a gefen filin ƙwallon zari-ruga a Afirka ta Kudu da Ostareliya, a ƙasa an rubuta wai karuwai ne aka kwaso daga gidajen giya. Haba jama'a, a ji tsoron Allah mana!

Aikinsu zuga 'yan kallo, kamar yadda makaɗi Ɗan Anace ya riƙa ɗumama fage a da in Shago zai fito dambe. Maza ne ma suka fara abin. A 1898 wani ɗalibi, Johnny Campbell, ya tsaya gaban 'yan kallo a Jami'ar Minnesota ta Amurka yana ba su baiti suna amsawa. Tsohon shugaban Amurka George W. Bush kansa ya yi wannan aiki yana ɗan makaranta. Yau sana'a ce ta horo mai tsanani: alkafura, ɗaga mutum a tafin hannu, cilla shi sama a cafe, wani lokaci har da karaya. A 2021 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da ƙungiyarsu ta duniya a matsayin hukumar wasa. Wace mai zaman banza ce za ta jure wannan?

Shigar tasu kam ba ta yi mini ba. To amma wa ya zaɓi ɗinkin? Kulob ne da masu talla, su ne suka ga tsiraicin mace zai sayar da tikiti. Ladan kuma abin kunya. A 2014 masu zugar Oakland Raiders, a ƙwallon Amurka, sun kai ƙara kotu saboda dala 1,250 kacal ake biyansu a duk kakar wasa.

A ganina zari-ruga ba ta bukatar wannan aron. 'Yan New Zealand suna da rawar haka ta Maori, mutanen Wales kuwa in suka ɗauki waƙa a Cardiff fili har girgiza yake yi. A 2007 Russell Crowe, ɗan fim kuma ɗaya daga cikin masu kulob ɗin South Sydney na Ostareliya, ya soke 'yan matan zuga ya kawo makaɗan ganga, yana cewa rawar tana takura wa wasu 'yan kallo. Kulob ɗin bai mutu ba, har kofi ya ci a 2014.

Kai mai waya, in bidiyon ya iso gare ka kada ka tura gaba. Mai zagi da mai turawa duk sun ƙare wa yarinyar kallo kafin su fara wa'azi. Goge bidiyon, ka gaya wa wanda ya aiko cewa ƙazafi ne. In da yara kake kallon wasan, sauya tasha lokacin hutun rabin wasa, ka kuma yi musu bayani in sun tambaya. Kulob ɗin da ya nace sai ya riƙe masu zuga, ya haɗa maza da mata, ya bar su su zaɓi suturarsu, ya biya su kuɗin atisaye da na magani.